Sunan Inna a Shafi na Uku

Ko na tsufa na manta lambar wayata, ba zan manta ranar da na kusa shafe wata dattijuwa daga littafin walimar saukarta ba.

A lokacin ban daɗe da buɗe shagon kwamfuta a Gaya ba, ina jin kaina kamar ni na ƙera na'urar. Wani malamin Islamiyyar matan aure daga Ajingi ya kawo mini sunayen ɗalibansa arba'in da uku da suka sauke Alƙur'ani, a yi musu ɗan littafin da za a raba ranar walima. Ƙa'idarsa ɗaya ce: wadda ta riga sauka, ita ce a sama. Na ja akwatin rubutu a kowane shafi, na zuba sunayen daban-daban, kowane akwati yana zaman kansa.

Ranar da za a kai ɗab'i Kano, sai ga Malam da takarda. Mata biyu an sa su a ƙasa, alhali a shafi na biyu ya kamata su zo. Na cire su, na cusa su inda ya ce. Ya leƙa ta saman tabarau ya ce, "Ya yi, 'yata. Ba ni, mota na jira."

Har na miƙa hannu, sai idona ya faɗa kan wata 'yar alama ja a gindin akwatin shafi na biyu. Na ƙirga sunayen. Arba'in da ɗaya! Biyun da na cusa sun ture biyu na ƙasa, sun ɓuya ba a ganinsu.

Na ce, "Allah gafarta Malam, a yi haƙuri motar ta tafi."

Ya ɓata rai, amma ya zauna. Na tuna abin da aka taɓa nuna mana a makarantar kwamfuta, wanda na raina a lokacin. Na danna alamar, na danna akwatin shafi na gaba, na bi su duka na haɗa. Sai sunayen suka gangara daga shafi zuwa shafi kamar ruwan lambu, ɓatattun biyu suka fito a saman shafi na uku. Malam ya karanta na farko, ya yi salati.

"Wannan fa shekara tara tana zuwa makaranta daga ƙauyen Balan," in ji shi.

Ranar walima na gan ta, farin gashi ya leƙo ta gefen hijabi. Ba ta karatun boko, don haka ta riƙo hannuna ta ce, "'Yar nan, nuna mini inda nake." Na nuna. Ta ɗora yatsa a wurin, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"Inna, ga ki a sama," na ce.

Wallahi ranar na ji daɗin sana'ata, kuma har yau ina alfahari da motar nan da na sa ta tafi. Tun daga nan ba na barin akwatunan rubutu a warwatse, kuma kyawun shafi ba ya ruɗa ni, sai na ƙirga. Abin da ya zube a ƙasan akwati, wani lokaci shekara tara ce ta wata.