Sumiye Mai Naɗin Ƙwai Ta Bar Kasuwa

Sumiye Kuwabara ba 'yar asalin birnin Kyoto ba ce, kuma mutanen Kyoto ba su taɓa barin ta ta manta da haka ba. Aure ne ya kawo ta daga wani ƙauyen masunta na bakin tekun arewa, tana da shekara ashirin da 'yan kai. Mijinta Genzo naɗin ƙwai yake sayarwa a wata tsohuwar kasuwa mai rufi, a shagon da ya gada daga kakansa. Faɗin shagon bai wuce mutum ya buɗe hannuwansa biyu ba. A ƙasa ake suya, a sama ake kwana.

Ta yi shekaru tana wanke kasko kafin uwar mijinta ta yarda ta fasa ƙwai ko guda. Da aka ba ta dama kuwa, sai hannunta ya fi na Genzo. Takan kaɗa ƙwan da romon busasshen kifi da ganyen teku, ta zuba siriri a kaskon jan ƙarfe mai kusurwa huɗu, ta naɗe da dogayen tsinkaye biyu, ta ƙara zubawa, ta ƙara naɗewa, har ya yi kauri yana rawa kamar zai fashe. In aka yanka, romo ne ke tsattsafowa. Ba ta sa sukari. Sa sukari a ƙwai aikin mutanen Tokyo ne, a kasuwar nan abin dariya ne.

Wadda ta fara yi mata magana kamar mutum ita ce Hatsuye, 'yar mai shagon da ke kallon nasu, inda ake sayar da kayan lambu jiƙaƙƙu cikin gishiri. Kuma da tsokana ta fara.

"Ke 'yar kifi, wai da wane yare kike gaishe da mutane? Tun safe nake saurare, ban kama ko kalma ɗaya ba."

"Ai dole. Gishirin ubanki ya toshe miki kunne," in ji Sumiye, ba ta ko ɗago kai daga kaskon da take gogewa ba.

Daga ranar suka ƙulle. Tare suka yi goyo, tare suka tsufa, kowacce ta san abin da ke cikin tukunyar ɗaya. Duk shekara in sanyi ya janye, furen itacen sakura ya buɗe, sukan zaɓi ranar Laraba da kasuwa ba ta ci, su ɗauki ƙwai da gurji mai gishiri su tafi bakin kogi. Su shimfiɗa tabarma ƙarƙashin itatuwan, su ci, su yi gulmar mazajensu har rana ta juya. Iyakar hutun Sumiye ke nan a shekara, kuma ba ta taɓa neman ƙari ba.

Da masu yawon buɗe ido suka fara leƙowa kasuwar, Sumiye murna ta yi. Mutum ya keto teku don ya ɗanɗani ƙwanta, ai abin alfahari ne. Takan yanka musu kyauta, su rusuna mata a karkace, ta koma ta ba Hatsuye labari su yi ta dariya. Amma abin bai tsaya a leƙe ba. Shekara kan shekara suna ƙaruwa, har ya zama in watan Afrilu ya kama, lungun kasuwar yakan cika maƙil tun hantsi, kafaɗa na gugar kafaɗa, kowa da waya a sama. Tsofaffin unguwa masu jan 'yar jakar cefane suka kasa ratsawa. Suka koma babban kanti. Mai kifi ya rufe. Mai awara, wanda yake tashi tun kafin kowa, ya sallama shagonsa ga wasu samari masu sayar da alawa mai launin fure. Duk inda ka duba, abinci ne tsire a tsinke, wanda za a ɗaga a ɗauka hoto a ci ana tafiya.

Cikin wannan hali Genzo ya rasu. Ɗansu Tatsuro ya ajiye aikin kamfani a Osaka ya dawo da matarsa Yukari da 'ya'yansu mata biyu. Tatsuro ba mugun ɗa ba ne. Yana da yara a makaranta, ga mai ginin da shagon yake ciki na ta ƙara haya saboda ya ga kasuwa ta buɗe. Ya zauna mako guda yana kallon yadda baƙi ke tsayawa su kalli ƙwan su wuce, sannan ya yi wa uwarsa magana.

"Mama, ba wanda zai sayi naɗi guda ya kai masauki. A yanka ƙanana a sa a tsinke. Romon nan kuma a rage, ɗiga yake musu a riga. A ɗan sa sukari."

"Sukari," in ji Sumiye. "Bari ubanka ya gama sanyi tukuna."

"Baba ba shi zai biya haya ba, Mama."

Washegari aka sa sukari. Bayan nan Yukari ta kawo shawarar a matso da kaskon bakin ƙofa, Mama ta riƙa sa kimono mai haske, doguwar rigar gargajiyarsu, tana suya inda kowa zai gani. Nan take layi ya kafu har ya tare shagon maƙwabta. Sumiye ta koyi ɗaga kai ta yi murmushi duk lokacin da aka nuno mata waya. A rana takan yi haka har sai kumatunta sun yi tsami.

Hatsuye ba ta da ɗa mai irin wannan dabara. Gurji mai gishiri ba ya kyau a hoto. Ta rufe shago, ta koma wurin ɗanta can arewacin gari, kusa da gindin duwatsu. Da farko takan biyo bas ta zo duk mako ta zauna a bayan shago tana kushe komai.

"Dubi yadda suka yi miki ado kamar 'yar tsana. Saura su sa miki ƙararrawa a wuya."

"Hassada ce. Ke ko kyauta aka ce a ɗauke ki hoto, wayar ce za ta lalace."

Sannu a hankali zuwan ya ja baya. Hatsuye ta ce bas ɗin cike yake da manyan akwatuna, tsohuwa ba ta samun wurin tsayawa balle na zama. Suka koma waya. Zaman bakin kogi ma ya mutu, don tun da Tatsuro ya karɓi shago ba a rufewa ran Laraba a lokacin fure.

A bazarar da Sumiye ta haura saba'in da biyar, Hatsuye ta kira ta da wata murya da ba ta san ta da ita ba, siririya, tana yankewa.

"Sumi, itacen bakin tagata ya buɗe. Ki zo mu gani. Ki taho da ƙwai, amma na gaske, ba alawar ɗanki ba."

Sumiye ta gaya wa Tatsuro. Ya sosa ƙeya ya ce wannan makon shi ke ciyar da su shekara, ta daure zuwa Litinin, shi da kansa zai raka ta. Da ta dage, da bai hana ta ba. Ba ta dage ba. Ta san Hatsuye da raki tun suna da ƙuruciya, mura ma sai ta yi wasiyya. Ran Alhamis ɗan Hatsuye ya kira ya ce ta cika.

Iyalin ƙaramar jana'iza suka shirya, ta yini ɗaya, ba zaman kwana, kamar yadda ake yi yanzu. Da safe Sumiye ta sauko kafin a buɗe shago, ta haɗa romo da kanta, ta naɗa ƙwai guda mai kauri, ta sa a ƙaramin akwati ta ɗaure da ƙyalle. Nufinta ta ajiye shi kusa da hannun Hatsuye lokacin da ake zuba furanni a akwatin gawa, kafin a rufe. Yukari ta taya ta sa baƙin kimono, ta ɗaura mata ɗamara. Tatsuro ya yi ta kiran tasi, ko'ina a ce masa babu mota sai yamma.

"Bar shi," in ji Sumiye. "Na fi shekara hamsin ina hawa bas a garin nan."

Ta fita da wuri. A tasha ta tarar da layi ya miƙe ya sha kwana, mutane da jakunkuna da hulunan rana, wasu 'yan mata cikin kimonon haya suna tafiya kamar an ɗaure musu ƙafa. Ta bi bayansu. Bas ya zo, fuskoki manne da gilashi, direba ya ɗaga farar safar hannunsa alamar ban haƙuri, ya wuce. Wani ya zo ya tsaya, ya buɗe ƙofa, ba wanda ya sauka, ya rufe. Wani ya ɗebi 'yan kaɗan daga gaba. Wani dattijo ɗan gari da ke bayanta ya ce mata, "Iya, ki je gaba ki nuna musu kayan jikinki, ai za su gane." Ta dubi layin. Ba ta ga wanda baƙin kimono zai gaya wa komai ba, kuma ita ba a koya mata tsallake layi ba. Da ta ga rana na ɗagawa, sai ta fita daga layin ta kama tafiya a ƙasa.

Gwiwarta ta hagu ta daɗe da lalacewa saboda tsayuwa. Ta bi gefen kogi tana ɗingishi, takalmin na cin yatsunta, ƙunshin a ƙirji. Ko'ina fure ne, fari fat, iska na kakkaɓo shi a kan mutane suna shewa. Ta riƙa cewa a gafarce ni, a gafarce ni, tana ratsa masu ɗaukar hoto, wani lokaci ma ta tsaya ta jira su gama don kada ta ɓata musu.

Da ta isa zauren jana'izar, wata ma'aikaciya ce ta tarar tana tattara kujeru. Ƙamshin turaren wuta bai gama fita ba. Matar ta rusuna har ƙasa ta ce an rufe akwati, mota ta tafi wurin ƙona gawa, iyali sun ɗan jira ta. Ta tambaya ko a kawo mata shayi. Sumiye ta ce ta gode, ta rusuna ita ma, ta juya.

A hanyar dawowa ƙafar ta ƙi. Ta zauna a kan wani dutse a bakin kogi, ƙunshin a cinya. Ba ta yi kuka ba. Tana zaune wata baƙuwa doguwa mai goye da jariri a ƙirji ta matso, ta rusuna da ladabi, ta faɗi 'yan kalmomin da ta haddace, "Kyau. Kyau sosai. Hoto?" Kafin Sumiye ta yi tunani, kanta ya ɗago, kumatunta suka yi abin da suka saba. Matar ta ɗauka, ta duƙa ta nuna mata. Ga wata tsohuwa cikin kayan makoki, fure a kafaɗarta, tana murmushi har da haƙora. Matar ta yi godiya sau biyu, ta koma wurin mijinta tana nuna masa da murna.

Sumiye ta kwance ƙyallen. Ba ta karya ba tun safe, kuma ba za ta koma gida da abin ba. Ta gutsura da yatsa ta sa a baka, ta tauna, ta tsaya. Akwai sukari. Ba ta tuna lokacin da hannunta ya kai ga gwangwanin ba. Ta cinye shi duka a zaune, a hankali, ta ninke ƙyallen.

Ta iso kasuwa da la'asar, layi na nan a ƙofar shago. Yukari ce a kan kasko, ƙwan na yagewa. Tatsuro ya taro ta.

"Mama, kin samu? Ki hau ki huta. Gobe in gwiwar ta yi sauƙi, ko rabin yini ne..."

"Ba zan sake tsayawa a ƙofar nan ba, Tatsuro."

"Yau ranki a ɓace yake. Mu bar maganar."

"Ba na ganin laifinka. Kana da 'ya'ya. Amma ka nemi wata 'yar tsanar."

Ya zaci kwana biyu za ta huce. Ba ta sauko ba. Da Yukari ta gaji da ƙona hannu, Tatsuro ya samo wani kamfani da ke kawo naɗin ƙwai a shirye, sai dai a ɗumama a tsire. Ya sa aka buga babban hoton uwarsa riƙe da kasko, aka kafa a saman ƙofa. Sumiye tana sama tana saurare ta taga, tana jiran ranar da wani zai ce ƙwan ya canja. Ba wanda ya ce. Layin ma ƙara tsawo ya yi.

Kafin sanyi ya shigo ta tattara kayanta ta koma wani ɗaki a dogon ginin haya da ke kudancin gari, bayan layin dogo, inda babu haikali babu lambu, babu abin da zai kawo baƙo. Tatsuro yana zuwa ƙarshen wata da jikokin, sukan yi hirar makaranta da ta gwiwa. Ba ta tambayar shago, shi ma ba ya faɗa.

A bene ɗaya da ita akwai wani tsoho, Isogai, wanda dā yake saƙar tabarmar ɗaki a tsakiyar gari kafin a rushe unguwarsu a gina masauki. Bana ƙungiyar mazauna ginin ta yi hayar mota don kai tsofaffi kallon fure. Aka zo har ƙofa ana lallashinsu, shi da Sumiye suka ce ƙafa ce ke musu ciwo. Da motar ta tashi, Isogai ya fito da kujerarsa baranda, ya kunna rediyo ana wasan ƙwallon sanda.

"Kuwabara-san, ƙungiyarki ce ake lallasawa. Ki fito ki ji da kunnenki."

"Rage muryar abin nan, Isogai-san, ba kowa ne kurma ba," in ji ta daga ciki. Can sai ta jawo tata kujerar ta fito.