Tukwanen Gara A Bayan Ɗakin Goggo

Edita, a shekarar da na gama sakandare ni yarinya ce mai gajen haƙuri da kaifin baki. Abin da ke raina shi ke bakina, kuma ban iya jira ba, ko da jiran tafasar ruwa ne. Na koma ƙauyenmu da ke kusa da Malumfashi ina sauraron kiran makarantar koyon jinya, na zauna wurin Goggo, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun rasuwar iyayena. Duk abin da Goggo ta mallaka a duniya ɗaki ɗaya ne na ƙasa, wanda marigayi mijinta ya rufa mata da kwano a kan katako kafin ya rasu. A ciki take kwana, a ciki take kaɗin audugar da take ci da kanta da shi, ni kuwa a wata 'yar bukka da ke gefe nake kwana.

Zaman banza ya ishe ni, sai na sa wa kazar Goggo ƙwan zabi, ta ƙyanƙyashe. Duk wanda ya yi kiwon 'yan zabi a wajenmu ya san gara ce abincinsu. Akan cusa kashin shanu da karmami a tsohuwar tukunya, a yayyafa ruwa, a kife ta a gindin suri can cikin gona, da sassafe a je a ɗauko ta cike da gara a zazzage musu. Na yi hakan 'yan kwanaki, raɓa tana jiƙa mini zane har gwiwa, ina tafe ina tsaki. Ana nan, farkon damina, aka aiko 'yar Goggo ta haihu a Dandume. Goggo ta tafi zaman jego, ta ba ni mabuɗi, ta ce in riƙa buɗe ɗakin yana shan iska ina sharewa. Na ce mata na ji, ta tafi kawai kada mota ta bar ta.

Tana juya baya na kwaso tukwanena daga gona na jera su a bayan ɗakinta, a gindin bango, inda akwai inuwa da laima. Kada wani ya ce rashin sani ne. Na sani sarai. Na dai shirya wa kaina hujja cewa tunda kullum ina kwashe garar, ba za ta sami sukunin hawa bango ba. Matar maƙwabcinmu ta leƙo ta gani, ta tambaye ni cikin dariya ko a makarantar tamu har da darasin yi wa gara shimfiɗa a ƙofar gida. Na ce mata ta je ta ji da jinkar madafinta da ke yoyo, in ta gama sai ta zo mu yi maganar kwano. Ta ce Allah ya ba 'yar boko haƙuri, ta koma gida. Tukwane suka riƙa cika fiye da na gona, zabina suka yi ɓul-ɓul, ni kuwa ina ta yaba wa kaina. Ɗakin Goggo kam ban ko taɓa kwaɗonsa ba.

Gero bai fara fitar da kai ba aka aiko Goggo na tafe ranar kasuwa. Sai a lokacin na ɗauko mabuɗi. Ina tura ƙyauren ya biyo hannuna, don katakon da ke riƙe da shi ya zama kamar ɓawon gyaɗa. Jar ƙasar gara ta hau bango layi-layi har sama. Tabarmin da ke jingine sun koma turɓaya, gindin akwatinta ya zube, zannuwan saƙin da take ajiya sun zama raga. Na ɗaga sandar tsintsiya na taɓa katakon rufi, sai ta shige ciki kamar a tuwo. A nan ne, Edita, na yi abin da har yau in na tuna nake jin kamar in nutse. Na kankare bango, na share, na kai tabarmin bola, na tokare ƙyauren da dutse. Da Goggo ta iso na ce mata gara ta ɗan taɓa kayan ƙasa, amma na yi maganinta. Ban ce komai a kan rufin ba. Ta yi jimamin zannuwanta, ta ce ba komai, tunda ɗaki na nan ai da sauƙi. Na bar ta ta shimfiɗa ta kwanta a ƙarƙashinsa, don kawai ba na son a ce matar maƙwabci ta fi ni gaskiya.

Ranar wata Lahadi, bayan mun taso daga majami'a, hadari ya haɗo da rana tsaka. Goggo tana ciki tana kaɗi, ni ina rumfa ina kora zabi. Iskar ba ma wata babba ba ce, ko jinkar maƙwabta ba ta ɗaga ba. Amma kwanon Goggo ya tashi gaba ɗaya ya kifa cikin dawa, wani guntun katako da bai gama ciyuwa ba ya faɗo mata a kafaɗar dama. Mutane suka taru cikin ruwa suka fito da ita. Wani dattijo ya zaga baya don duba bango, sai ga tukwanena a jere, don ko kwashe su ban yi ba. Kowa ya juyo yana kallona. Goggo, tana riƙe da kafaɗa, ta ce a bar yarinya, ita ce ta ce in ajiye su a nan kafin ta tafi. Ba wanda ya yarda, ba kuma wanda ya musa mata. Da ta zage ni a gaban jama'a da ya fi mini sauƙi.

Ɗakin ƙasa ba rufi a tsakiyar damina ba ya jiran kowa. Kafin a yanke gero bango biyu sun zauna. Kafaɗar ta ɗoru, amma hannun bai ƙara ɗaguwa yadda zai murza mazari ba. Mijin 'yarta ya zo ya tafi da ita Dandume. Matar da ta saba cin guminta yau tana zaune gidan suruki, tana jin nauyin ko tari ta yi da ƙarfi. Ina zuwa duba ta duk hutu, ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma da na fara sai ta ce in miƙo mata ruwa.

Ina roƙon masu karatu, musamman 'yan'uwana masu gaggawa irina: tukunyar gara wurinta gona, komai nisa, komai raɓa. Ɗakin da aka bar muku amana ku buɗe shi, ku ɗaga kai ku dubi sama. In kuwa kun riga kun yi ɓarna, ku faɗa tun mai ɗakin yana tsaye a waje, kafin ya shiga ya kwanta.