Kafaɗata a Gadon Baba

A ƙauyenmu, kusa da Suki, ba mu da makara. In mutum ya rasu, a kan angarib ɗinsa ake ɗaukarsa, wato gadon igiyar da yake kwana a kai, kuma kowane namiji sai ya sa kafaɗa, ko na ɗan lokaci ne, ya samu lada. Ni ban taɓa sa tawa ba. Allah ya ba ni kai da ƙirjin babban mutum, da aka zo kan hannu da ƙafa sai aka yi mini awon ɗan yaye. Likita a Sinja ya ce daga ƙashi ne, da shi aka haife ni, ba magani. Ga gemu, ga baki da ya fi ni tsawo, amma a jana'iza aikina riƙon buta.

Da wasa nake ɗaukar abin, har lokacin tsinkar audugar da Baba ya rasu.

Yayyena, dogaye kamar giginya, suka ɗaga gadon. Na bi su a guje, jallabiya tana harɗe ni, na kutsa ƙarƙashi, na yi ɗage, na miƙa hannu iya miƙawa. Ko igiyar ban taɓo ba. Wani baƙo ya ce, "Ya jama'a, ku hidda yaron ga!" Yaro da gemu! Na fito gefen hanya ina kuka, rabi na mutuwa, rabi na haushi. Za a kai ubana ban ɗauke shi ba.

Baffa, ƙanin Baba, ya hango ni. Ya ce, "Halas, ya isa haka, ku tsaya. Ku yo ƙasa da shi."

Babban yayanmu ya ce, "Baffa, gawa ba ta jira."

"Wanga ba ɗanai ba ne? Ku duƙa, na ce!"

Suka sauko da gadon har ƙugu, ƙarti suna tafiya a duƙe kamar masu dashen albasa, aka ɗora mini katakon gadon a kafaɗa. Daɗi ya kama ni, a jana'izar ubana, Allah ya yafe mini.

Mutane na cewa ciwo ya cinye Baba, ba shi da nauyi. Ba su ɗauke shi daga inda na ɗauka ba. Gadon ya karkato kaina, katako ya saɓule mini fata. Ana ta miƙo hannu a karɓe ni, ban saki ba sai a bakin kabari.