Gidan Kakanmu Ya Koma Masauki

Gidan kakanmu yana bakin hanyar da ta taso daga Isa ta nufi Sabon Birni. Soraye bakwai, zaure biyu, ga katanga mai kaurin da mutum ke iya kwanciya bisanta. Kakan namu madugu ne, shi ya gina abinsa. Da tsofaffi sunka ƙare, matasa sunka watse birane, sai gara da jemagu sunka gaje shi.

Shekarar da na aje aikin koyarwa, soro guda ya rufta da damina. Baffa, ƙanen mahaifina, ya tara mu ya ce a rushe sauran a yanka filaye. Na ce a bar mani, za ni mai da shi masaukin baƙi.

"Otal?" in ji shi. "Gidan ubana? Kina ɗiya mace, ki rasa abin yi sai wanga?"

"Baffa, ba giya, ba kiɗi. Wurin kwana ne da tuwo."

Sau uku ina zuwa ina durƙusawa gabansa. A na ukun ya ce in yi, amma ƙafarsa ba ta taka wurin.

A Tsamaye na samo wani tsohon magini da bai manta aikin azara da makuba ba. Rani guda munka kwashe. Yana bisa yana yaɓe, ina ƙasa ina jido ruwa har tafin hannuna ya tsattsage. Kowa ya ratso sai ya ce in buga kwano in huta. Na ƙiya. Banɗaki kaɗai na yarda anka sa wa siminti.

Da na buɗe masaukin, wata guda cur ba wanda ya leƙo. Ranar kasuwa na yafa mayafi na tafi tasha da kaina, ina bin direbobi ɗaya bayan ɗaya ina yi musu tallar masaukin. Wasu sunka yi dariya. Da la'asar sai ga mata uku masu kai barkono Nijar, direbansu ya ce ba ya kama hanya da yamma, saboda halin rashin tsaro da ake ciki. Na ba su soron tsakiya. Da safe babbarsu ta ce rabonta da barci mai sanyi haka tun ɗakin uwarta. Su sunka kai labari gaba.

Baffa bai tako ba har yau, sai dai in ya yi baƙi nan yake turo su.

Bana rijiya nake haƙawa, don ruwan saye ba ya isar mu. Mahaƙa sun ce sun tarar da dutse. Na ce su sake wasa digarsu, gobe ina nan tun da hantsi.