Wayar da Abel Ya Buga Maka, Malam Yusha'u

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Asabar, takwas ga watan Yuni, Allah Ya karɓi ran Malam Yusha'u, malamin wasanni a makarantar da muka koyar tare shekara ashirin da shida a nan Zuru. Daga gona ya dawo, ya roƙi ruwan sha, kafin a kawo ya kife. Ko ciwon kai bai yi ba.

Malam, ni da na sa ka a kabari da hannuna har yanzu ban yarda ba.

Na tuna lokacin da ka ce za ka koya wa ɗalibai tsallen sanda, su sheƙo da doguwar gora, su kafa ta, su haye igiyar da ka ɗaura sama da kan mutum. Dariya na yi maka, na ce ƙafafun 'ya'yan mutane za ka kakkarya. Kai ka je Wasagu a kan babur ka yanko gorar, ka tara buntun shinkafa don masu faɗowa. Kuma ba wanda ke taɓa sabuwar gora sai ka fara tsallakawa da ita da kanka, duk da tumbin nan naka.

A kan buntun nan ɗalibinka Abel ya koya, har ya kai zagayen ƙarshe na maza a gasar ƙasa da ƙasa. Ranar da ka rasu ce ranar tsallensa. Bai taɓa shiga fili ba sai ya kira ka, ka tambaye shi ko ya duba sandarsa.

Mun dawo daga maƙabarta ke nan, wayarka na aljihuna, ta yi ƙara. Sunan Abel ne. Matarka Asama'u ta dube ni, ta girgiza kai.

"Baba Ladan, ina Malam?"

Na ce, "Ba ya kusa. Ya ce ka duba sandarka."

Ya yi dariya, ya ce ya duba sau biyu.

Na yi ƙarya da sunanka, Malam, ƙasar kabarinka ba ta ma bar farcena ba. A tabarmar zaman makoki na kalle shi ta waya, ya haye tsayin da bai taɓa hayewa ba. Bai samu lambar yabo ba, amma ya tashi yana ɗaga hannu ga kyamara, kuma na san wa yake ɗaga wa.

Bayan gasar na faɗa masa gaskiya. Sai ya ce, "Baba, da ka bar ni na zaɓa." Ban san ko na yi daidai ba, kuma wanda zan tambaya kai ne.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka. Allah Ya ba Asama'u da yara haƙuri. Abel, Allah Ya sanyaya zuciyarka, ni kuma ka yafe mini.