Ranar da Na Jefa Taubashina a Baraj

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa waɗanda yanzu ko an tuna min sai na yi ta lalube, amma ranar da na jefa taubashina a baraj da bakina, daga baya kuma na bi shi na faɗa, wannan kam ba ta gogewa. Ko ni na so mantawa, mutanen majalisarmu ba za su bar ni ba.

A unguwarmu a nan Daura akwai wani tsohon direba da ya kafa rumfar kwano a ƙofar gidansa, ya sa talabijin da benci huɗu. Nan muke taruwa kallon ƙwallo, mu magidanta, kusan duk mun haura arba'in. Matasa ba sa zuwa, suna da nasu gidajen kallon, kuma su wasan kulob kawai suka sani. Mu kuwa abin da ya fi kama mu shi ne gasar ƙasashen Turai wadda aka kasa aji-aji kamar 'yan makaranta. Manyan ƙasashe suna aji na farko, an raba su huɗu-huɗu, wadda ta zo ƙarshe a rukuninta sai a koro ta aji na biyu. Kowannenmu ya riƙi ƙasa ɗaya kamar a can aka yanke masa cibiya.

Mai rumfar, wanda muke kira Alƙali, shi ya kawo dokar da ta haɗa mu faɗa da dariya shekara da shekaru. Ya ce yadda ake yi a can haka za a yi a nan. Wanda ƙasarsa ke aji na farko, bencin gaba nasa ne, mai majingina, ƙarƙashin fanka. Wanda aka koro ƙasarsa, sai bencin baya, gefen janareta, inda hayaƙi ke shiga hanci, ga kuma ginshiƙin rumfa da ke rufe rabin talabijin. Mai karatu zai iya cewa wasa ne. To wasan ne, amma na ga dattijo mai jikoki ya yi kwana uku ba ya amsa gaisuwa saboda bencin nan.

Ni kuma bayan zaman gaba ina da wani matsayi da ya fi shi daɗi. Alƙali daga tsallaken iyaka ya sayo na'urar da ke kawo mana wasa, don haka duk sharhin da Faransanci ake yi. Da yake ni ɗan tireda ne na dabbobi, ina shiga Nijar ina fita, sai aka naɗa ni tafinta. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce Faransancina bai wuce na bakin kara, kasuwar dabbobi, ba: gaisuwa, godiya, "nawa ne", "ya yi tsada", sai ƙirga zuwa goma. Ai a can ma da Hausa ake ciniki. Amma ranar farko da aka juyo aka ce min "me ya ce?", sai na dubi abin da ke faruwa a fili na faɗa da ƙarfin hali, aka kuwa gyaɗa kai. Daga nan abin ya shige min jiki. In ɗan wasa ya faɗi, in ce mai sharhi ya ce ƙafar ta bugu. In koci ya ɓata rai, in ce an ce ransa ya ɓaci. Wa zai ƙaryata ni?

Taubashina ɗan gwaggona ne, tela, sa'ana ne kuma tare muka tashi. Da yake ni ɗan namiji ne shi ɗan mace, ba na kiransa da komai sai "bawana", shi kuma ya ce min "ɗan kawu". Ƙasarsa masu jar riga ce, tawa masu fara. Kafaɗa da kafaɗa muke zama a bencin gaba, kuma ba abin da nake roƙo a ƙwallo kamar in ga ranar da zai tattara ya koma gefen janareta.

Ranar da abin ya faru wasan ƙarshe na rukuni ake yi, da yamma, mun yi la'asar muka zauna. Masu jar riga suna neman nasara, suka yi ta ɓarar da dama har aka tashi kunnen doki. Sai aka nuno teburin maki, ga su na uku cikin huɗu, an shafa wa sunansu wani launi dabam. Mai sharhi ya kama magana da sauri, ni dai ba abin da kunnena ke tsinta sai kalma ɗaya da yake ta maimaitawa: baraj, baraj, baraj.

Alƙali ya juyo. "Tafinta, me wannan bawan Allah ke cewa ne? Wane ne baraj?"

Kalmar kam na san ta. A Nijar, madatsar ruwa da muke shayar da shanu ita ake kira baraj. Na tsaya ina tunani, me ya haɗa ƙwallo da dam? Da Allah ya so ni da rahama a lokacin, da na ce ban gane ba. Amma ga idanu goma sha a kaina, ga kuma bawana a gefe yana zare ido. Sai na gyara hula.

"Inna lillahi," na ce. "Bawana, sai haƙuri. An jefa ku baraj."

"Mene ne kuma baraj?"

"Dam. Madatsar ruwa. Salon maganarsu ne. Wanda aka jefa a dam, sama yake yi ko ƙasa?"

Wani daga gefe ya ce, "Amma ai na huɗu ke faɗuwa, su na uku suka zo."

"Bana an canza doka," na ce, ko ƙiftawa ban yi ba. Abin dariyar shi ne a nan kaɗai na yi kusa da gaskiya, don da gaske an canza tsarin a wannan karon, ba dai yadda na faɗa ba.

Rumfa ta kaure da shewa. Alƙali ya buga sandarsa a ƙasa ya yanke hukunci. Ni da kaina na ɗauki takalman taubashina da butarsa na yi masa rakiya zuwa bencin baya, ina tafiya ina kirari, ina ce masa ya riƙe numfashi kada ya sha ruwa. Har na tambaye shi ko in nemo masa goran iyo. Ya zauna, ya dube ni, ya ce, "Allah ya kai mu, ɗan kawu." Wallahi ranar na ji daɗi irin wanda ban ji ba ko a ranar da na sayar da bijimin da ya fi kowane tsada a hannuna.

Wata huɗu ya yi a bencin nan. Ko wasan kulob muka kunna, can yake zama, yana leƙe ta gefen ginshiƙi, yana tari. Matarsa har ta yi wa tawa ƙorafi cewa rigunansa duk warin fetur suke. Abin da ya kamata ya ba ni tsoro shi ne shirunsa, don taubashina ba mutum ne mai barin bashin magana ya kwana ba. Amma wanda daɗi ya rufe wa ido ba ya ganin irin wannan.

Wani abu kuma da na lura da shi, na fassara shi a karkace kamar yadda na saba, shi ne yadda aka ƙara son aikina. Da can sai an yi wani abu babba ake tambayata. Yanzu ko talla aka sa a hutun rabin lokaci, sai wani ya ce, "Tafinta, wannan matar me take cewa?" Ni kuwa in zuba. Na taɓa fassara musu wata talla da cewa maganin basir ne, sai na ga Alƙali ya tashi da sauri ya fita yana riƙe da ciki. Na ɗauka fitsari ya matse shi. Ashe tallar man gashi ce.

Da zafi ya fara shigowa, wata ranar Alhamis Alƙali ya aiko cewa akwai wasan ƙasashe da yamma, kada wanda ya fasa. Na je na tarar rumfa a cike, har da waɗanda suka daɗe ba su zo ba. Taubashina ya shigo da wani baƙo, dattijo siriri mai gilashi, ya ce abokinsa ne daga Magarya, tsohon malamin makaranta, a can Mushe ake ce masa. Muka ɗan yi dariyar sunan, don mu a nan mushe abin da ungulu ke ci ne, baƙon ma ya taya mu. Alƙali ya ce a matsa masa a bencin gaba, dab da ni.

Aka kunna talabijin. Sai ga masu jar riga sun jeru a fili ana taken ƙasarsu, mai sharhi kuma ya fara: baraj, baraj.

"Ikon Allah," in ji taubashina daga can baya. "Ɗan kawu, waɗanda suka nutse ne suka taso? Ko fatalwarsu ce?"

Kafin in haɗa amsa, Alƙali ya ce, "Tafinta, ga ɗan'uwanka a harshe ya zo, ku ɗan gaisa mana mu sha daɗi."

Baƙon ya juyo da fara'a ya yi min wata gajeriyar magana da Faransanci. Ban tsinci ko ɗigo ba. Na laluba cikin ɗan abin da nake da shi, na jefa masa maganar da ta fara zuwa bakina.

Ya cire gilashi ya goge ido. Alƙali ya ce, "Malam, me aka yi?"

"Na tambaye shi sunanshi," in ji baƙon, "ya ce mani ya yi tsada."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Wani ya faɗo daga benci. Mai shayin da ke tsallaken titi ya baro tukunyarsa ya zo ganin ko lafiya. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige, in ja ta in rufe.

Da aka lafa, baƙon ya yi bayani a hankali. Ya ce baraj dam ne, wannan gaskiya ne, amma a ƙwallo wasan neman tsira ne. Wadda ta zo ta uku a aji na farko ba a koro ta ba tukuna, za ta kara da wata daga aji na biyu, gida da waje, wadda ta yi nasara ita ce a sama. Wato duk wata huɗun nan taubashina ɗan bencin gaba ne halak malak.

Sai a nan na ji sauran labarin. Kwana uku kacal bayan na jefa shi a dam, ya haɗu da malamin a kasuwar Babban Mutum ya tambaye shi, ya ji gaskiya. Ya dawo ya faɗa wa Alƙali, Alƙali ya ce ya koma bencin gaba a ranar. Taubashina ya ce a'a, a bar shi, dutse yake dafawa. Ya bi 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya ya sanar da su. Kowa ya sani sai ni. Wata huɗu ina fassara, su kuma suna kallon wasa biyu a kuɗin ɗaya.

Alƙali ya buga sanda. "Mai ƙara, me kake nema?"

Taubashina ya taso ya zo gabana. Na ɗauka zai ce a kore ni daga rumfar, ko in yi shekara gefen janareta. Sai ya ce, "Ni ba abin da nike so sai ɗaya. Ya miƙe tsaye, ya cire hula, ya ce bai iya ba."

Ka ce abu ne mai sauƙi. Wallahi da ya ce in ba shi rago da ya fi min sauƙi. Shekara shida ina cin wannan girma, har a gidan suna akan nuna ni a ce ga wanda ke jin Faransanci. Na dubi fuskokin nan, mutanen da muka yi ƙuruciya tare, ba mai ƙina a ciki, kowa dariya ce fal bakinsa yana jira. Na miƙe, na cire hula, na ce, "Jama'a, ban iya Faransanci ba. Ban taɓa iyawa ba." Aka yi tafi kamar an ci ƙwallo. Abin mamaki, ina faɗa na ji wani nauyi ya sauka daga kaina wanda ban ma san ina ɗauke da shi ba.

Duk da haka Alƙali bai bar ni haka ba, ya ce wata huɗun da na ci wa bawan Allah sai na zauna su a baya. Taubashina ya ɗauki takalmana da butata ya raka ni, da irin kirarin da na yi masa, bai rage ko kalma ba. Sannan ya koma ya baje a wurina ƙarƙashin fanka.

Sai dai mulkin nasa bai yi tsawon rai ba. Wasan farko aka tashi ba ci, na biyu kuma, bayan kwana uku, 'yan aji na biyu suka lallasa masu jar riga. Wannan karon ba a nemi tafinta ba, kukan da 'yan wasan ke yi ya ishi kowa fassara. Ya tattaro takalmansa da kansa ya dawo baya, ya ce in matsa. Muka zauna kafaɗa da kafaɗa cikin hayaƙi, shi ƙwallo ta kawo shi, ni bakina.

Mai sharhi na ta zuba. Ya zungure ni da gwiwar hannu. "Ɗan kawu, me ya ce?"

"Ban sani ba," na ce.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Yau ka fara fassara daidai."

Tun daga ranar na gane cewa "ban sani ba" ba ta rage wa mutum komai. A kasuwa, a gida, ko 'ya'yana suka yi min tambayar da ta fi ƙarfina, ita nake faɗa, kuma ban ga wanda ya raina ni a kanta ba. Wadda na ƙi faɗa a daƙiƙa ɗaya ina zaune, ita na zo na faɗa a tsaye, ba hula, gaban kowa.