Kawu Ɗanlami da Sanƙon Dawaki

Ku da kuka san Kawu Ɗanlami na Garatu, kun san bai taɓa fara gaisawa da mai doki ba. Dokin tukuna! Kana miƙa masa hannu zai ratse ka, ya je ya zura yatsu biyu ƙarƙashin majayi, ɗamarar nan da ke riƙe sirdi ta cikin doki, ya shafa, ya zaro, ya duba ko gashi ya biyo. In ya biyo, ka shiga uku. "Wa ya ɗaura wannan? Buhun doya kake ɗaurewa ko mai rai?" Sai ya gama faɗansa tas, sannan ya juyo da fara'a: "Af, Alhaji, ina kwana?"

Ƙanin mahaifiyata ne. Gyaran taragu ya yi a layin dogo, kamar mahaifinsa. Da ya ajiye aiki sai ya koma gona, ya sayi wani tsohon doki fari. A jikin dokin nan ya fara ganin gashi na zubewa duk inda kaya ke goga, tun daga ranar kuwa tambaya ba ta bar shi ya huta ba. Gumi ne? Yashi ne? Ko igiyar ce muguwa?

Ni tela ne a unguwar Barkin Sale cikin Minna, don haka duk gwajin da ya ƙirƙiro a kan kekena yake ƙarewa. Wata safiya ya shigo shago yana ɗingishi.

"Kawu, lafiya? Faɗuwa ka yi?"

"Wace faɗuwa? Bincike nake."

Ya naɗe wando. Ƙwaurin dama ɗaure da igiyar roba, na hagu ɗaure da tsirkiyar fata da ya naɗe da buzu. Kwana tara ke nan yana yawo da su, har masallaci!

"Doki ba zai gaya min inda ke masa zafi ba," in ji shi, "amma ƙwaurina yana da baki."

Ya kwance. Na dama ya yi fes, ba gashi ko ɗaya, ya yi jajir. Na hagu kuwa gashinsa na nan lafiya lau. Wayyo, ku zo ku ga murna! Akwai wata Hajiya da ta kawo ɗinki, ya miƙa mata ƙafa: "Hajiya, matso ki ga ilimi!" Baiwar Allah ta suri jakarta ta fita, ba ta sake dawowa shagona ba. Ranar na yini ina ɗinka wa majayi da ragama rigar buzu. Sai da yamma na ji ashe buzun na matarsa ne, Inna Asabe, fatar ragon layyarta da ta bayar aka jeme mata.

Amma rigimar da ta fi kowacce ita ce ta Alhaji Sule, wani ɗan kasuwar doya daga Kuta. Ranar Talata ya kawo baƙin dokinsa a mota, doronsa ya saɓule wuri biyu, ga shi ɗansa zai yi hawan angwanci a kansa ranar Asabar. Kawu ya shafa wurin, ya shinshina yatsa, ya ɗago a hankali.

"Mene ne wannan?"

"Baƙin mai ne. Wani bakanike ya ce yana fito da gashi."

"Alhaji, janareto ka kawo min ko doki?"

Ya wanke wurin da ruwan ɗumi har sau uku, ya bari ya bushe sarai, ya shafa man kaɗe kaɗan. Ya ɗauko zubka, shimfiɗar da ake sa wa ƙarƙashin sirdi, ta yi tauri da busasshen gumi kamar ƙanzo, ya jefa ta cikin baho. Sannan ya kifa sirdin, ya lalubo inda katakon ya tsage. Ya ce sati uku ba mai hawan dokin nan.

"Malam Ɗanlami, Asabar ce fa bikin!"

"A ɗaga."

"An raba kati!"

"Dokin bai karanta ba."

Ya ja kujera ya zauna a bakin turke, ya ce sai dai a ɗauke su tare. Alhaji ya rasa yadda zai yi, ya biyo ni har shago wai in je in ba kawuna baki. Na je. Ban rufe baki ba ya ce, "Durƙusa." Na ɗauka gaisuwa yake so. Ina durƙusawa na ji sirdi a gadon bayana, ya sa tafin hannu ya danna. Wallahi ƙarar da na saki sai da kaji suka watse!

"Ka ji ko? Kai ko ango bai hau ka ba."

A ƙarshe tsohon farinsa ya ba su aro, da sharaɗin shi zai ɗaura sirdi, shi zai riƙe linzami. Sau biyu yana tsayar da ayari a tsakiyar Kuta, makaɗa su yi shiru, ya leƙa ƙarƙashin ango ya sassauta majayi. Kafin su isa gidan biki an ci rabin shinkafa.

Bayan wata guda gashin baƙin doki ya tsiro, sai dai fari fat. Alhaji ya yi godiya ya tafi da abinsa, ya bar Kawu da sabon ciwon kai. Me ya sa fari? Ya tambayi Fulani, ya tambayi dukawa, ya tambayi liman. Daga baya ya ja ni muka je wurin wani likitan dabbobi. Likitan ya yi masa bayani tiryan-tiryan, cewa idan gugar ta yi zurfi, abin da ke ba gashi launi ne ke mutuwa a saiwa. Kawu ya shafa farin gemunsa.

"To Dokta, ni wane sirdi aka ɗaura min a haɓa?"

Inna Asabe dai ba ta yafe buzunta ba. Kullum ya cire hula zai yi alwala sai ta ce, "Malam, ka warkar da sanƙon dawakin Minna kaf, naka fa?" Shi kuma ya ce laifin hula ne, shekara da shekaru tana goga wuri ɗaya ba zubka. Kada ku ɗauka wasa yake. Ya kawo min hular, na yi mata shafi da auduga.

Daga baya ciwon ƙirji ya kama shi, da ya tsananta muka kwantar da shi a asibiti. A gadon kusa da shi akwai wani dattijo da ba ya iya magana, an sa masa abin shaƙar iska, robar ta zagaya ta bayan kunnensa. Ranar ƙarshe da na kai wa Kawu kunu, na tarar ya ƙura wa mutumin ido. Numfashinsa da ƙyar yake fita, amma ya yafito ni.

"Dubi bayan kunnensa. Ya fara ja. Roƙo mana auduga wurin nas."

Na kawo. Ya yage ta biyu, ya nuna min yadda zan cusa a ƙarƙashin robar. Dattijon ya lumshe ido, hawaye ya gangaro masa. Kawu ya koma ya kwanta, ya ce, "Yauwa. Yanzu ba ni kunun."

Washegari da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Ya Allah, bawanka Ɗanlami ya ƙare rayuwarsa yana neman inda ke wa marasa baki ciwo. Ka sassauta masa makwanci, Ka yalwata kabarinsa, kada Ka bar komai ya matse shi. Ka ba Inna Asabe haƙuri, mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen. Amin.